Manzannin ciki

Ranar da allurar ma'auni ta tsaya a kan kilo 104, daraktan bai ce uffan ba. Ya sauko, ya sa takalmansa, ya gyara babbar rigarsa, ya zauna a kujerar da aka nuna masa. Likitar da ke gabansa ta san shi tun tana ƴar aji uku a kwaleji, lokacin da yake koya musu tarihi da labarin ƙasa, siriri kamar karan dawa, alli ya mayar da yatsunsa fari. Yau ita ce ke riƙe da alƙalami. Ta rubuta tsawonsa, mita 1 da santimita 72, ta rubuta awon jininsa, ta duba takardar gwajin sukari, sa'an nan ta ɗago kai cikin ladabin ɗalibin da zai gyara wa malaminsa kuskure a allo.

"Mushe, tansiyonku ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Zan rubuta muku magani, amma rabin maganin ba ya farmasi. Sai kun riƙa tafiya a ƙasa kullum, tafiya mai sauri, har zufa ta keto muku."

Ya yi murmushi, ya ce: "Ɗiyata, ni ɗan manomi ne, na san abin da aiki yake yi wa ciki. Yanzu da nake zaune kwano guda nake ci. In na fara yawo biyu zan ci. Ashe ciwo kika ƙara mini ke nan."

Wannan magana ba ta daraktan kaɗai ba ce. Ana jin ta a bakin alhazan kasuwa, da matan da suka yi haihuwa biyar, da ma'aikatan da kujera take riƙewa tun safe har la'asar. Magana ce kuma mai kama da gaskiya, domin kowa ya ga yadda manomi yake share akushi in ya taso daga gona. Sai dai abin da masu bincike suka gano cikin shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa lissafin ba haka yake tafiya ba, musamman a jikin mai ƙiba. Kafin a kai nan, ya kamata a san wace irin yunwa ce daraktan yake tsoro.

An haife shi a 1978 a wani ƙauye arewa da Mayayi. Yana da shekara shida damina ta 1984 ta ƙi, aka shiga shekarar da mutane suka laƙaba wa El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Abin da ya rage masa na wannan shekara kaɗan ne, amma bai gushe ba: ƙwaryar anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, jar dawar taimako da ake rabawa a layi, da mahaifiyarsa tana tura musu nata rabon tana cewa ita ta ci a maƙwabta. Ya girma kafin ya gane cewa maƙwabtan ma ba su da abin da za su ba ta. A 2005, yana sabon malami a Maraɗi, ya sake ganin fuskar abin: farashin tiyar hatsi yana hawa mako bayan mako, mata suna shigowa gari goye da ƴaƴan da ba su da ƙarfin kuka. Mutumin da ya ga waɗannan shekaru biyu ba ya barin loma a kwano, kuma ba ya jiran yunwa ta sallama kafin ya tare ta.

Daga baya albashi ya daidaita. Ya sayi moto, ya bar tafiyar kilomita huɗu da yake yi daga unguwar Zariya zuwa makaranta. Aka ba shi darakta, ya bar tsayuwar sa'o'i biyar gaban allo ya koma biro. Shayi da sukari sau uku a yini, shinkafa da mai da rana, tuwo da dare, tsire in an taso hira. Jiki ya fara buɗewa, mutane kuwa suka yi ta yi masa barka. A ƙasar da ta san fari, ƙiba shaida ce ta rufin asiri: in mutum ya koma ƙauye da tumbi an san birni ya karɓe shi, in amarya ta murje an ce miji ya iya riƙo, har ma akwai ƴan matan da ke sayen ƙwayoyin ƙiba a bakin kasuwa. Ba wanda ya gaya masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa, in sakamakon ya kai 25 ta ce nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 ta ce ƙiba ce mai haɗari. Nasa ya wuce 35. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana cikin wannan rukuni, kuma biranen Sahel ba su kuɓuta ba, ko da yake a nan tamowa da ƙiba kan kwana a gida ɗaya.

Akwai kuma matsalar harshe. Faransanci ya ware kalma ga fari mai kashe gari, ya ware wata ga abin da ciki ke ji kafin cin rana, ya ware ta uku ga sha'awar abinci. Hausa ta haɗa biyun farko a kalma guda, yunwa, wadda aka yi wa kirari da a ba ki a huta. Sauran kalmomin da suka rage, kwaɗayi da haɗama da zari, duk zargi ne. Saboda haka mai ƙiba in ya ji cikinsa na kira, suna biyu kawai yake da su ga abin da yake ji: ko masifa, ko abin kunya. Daraktan ya zaɓi na biyu. Ya yanke cewa laifin na zuciyarsa ne, kuma horo ne maganinta.

Bai yi tafiyar ba. Ya daina karin kumallo, ya rage na rana zuwa ludayin fura biyu, ya hana kansa nama. Cikin mako uku ya zubar da kilo 4. Amma yana zaune a biro yana duba takardun jarrabawa, hankalinsa yana wajen mai ƙosai. Ya fara yi wa malamai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Dare ya yi masa tsawo. Wata ranar Alhamis, bayan kowa ya kwanta, ya shiga madafa ya buɗe tukunya, ya cinye tuwon da aka ajiye wa yara na ɗumame, a tsaye, cikin duhu. Bayan wata biyu kilo huɗun sun dawo da ƙari. Da ya koma wajen likita kunya ta hana shi kallon ta.

"Mushe, ba raunin zuciya ba ne," in ji ta. "Jikinku ya aiko muku da manzanni, ku kuwa kuka ɗauke su ƴan fashi." Ta juya takardar magani ta zana ciki da hanji da ƙwaƙwalwa a bayanta, kamar yadda shi ma yake zana musu kogin Isa a allo.

Abin da ta bayyana masa ga shi a taƙaice. Gaɓoɓin jiki suna aika wa juna saƙo ta cikin jini, da wasu sinadarai da ake kira homon. Masanin Ingila Ernest Starling ne ya raɗa wannan suna a 1905, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, hifotalamus, wanda yake kamar fada: nan manzannin suke faɗuwa su yi gaisuwa, nan ake yanke ko mutum ya nemi abinci ko ya ture kwano.

Manzo na farko shi ne leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, aikinsa kuwa na mai tsaron rumbu ne: yana shaida wa fada yawan abin da aka ajiye. Da aka gano shi an yi zaton an samu maganin ƙiba, sai aka tarar masu ƙiba sun fi kowa yawansa a jini. Matsalar ita ce fada ta daina saurarensa, kamar sanƙiran da ya yini yana shela har kunnuwa suka saba. Amma da zarar mutum ya fara rama, leftin ya ragu, fada takan ji wannan nan take, ta ɗauka fari ya shigo.

Na biyu shi ne girelin, wanda Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka gano a Japan a 1999. Tumbi ne ke fitar da shi, kuma shi ne mai kiran abinci. Yakan hau gab da lokacin da mutum ya saba ci, ya sauka bayan an ci. Duk mai azumi ya san halinsa ko bai san sunansa ba: yunwar azahar takan taso ta yi ƙarfi, sa'an nan ta lafa da kanta ba tare da an sa komai a baki ba. Abin mamaki, a jinin mai ƙiba girelin bai kai na siririn mutum yawa ba, sai dai ba ya sauka sosai bayan an ci, wato mai kiran ba ya yin shiru ko da an amsa masa.

Sauran biyun daga hanji suke fitowa idan abinci ya isa can, ana kiran su PYY da GLP-1. Su ne masu cewa ya isa. A 2003 masu bincike a London sun ɗura wa mutane PYY ta jijiya, masu ƙiba da marasa ƙiba, sai kowane rukuni ya rage abin da ya ci da kimanin kashi 30 cikin 100. GLP-1 kuwa shi ne aka kwaikwaya aka yi alluran rage ƙiba da duniya ke magana a kansu, irin semagulutid da Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2021, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta.

Da wannan zane daraktan ya fahimci abin da ya kai shi madafa cikin dare. A 2002 David Cummings da abokansa a Seattle sun auna masu ƙiba da suka zubar da kashi 17 cikin 100 na nauyinsu ta hanyar rage abinci, suka ga girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 24. A 2011 wani bincike a Melbourne ta Ostireliya ya bi mutum 50 da aka sa wa tsattsauran rage abinci na mako goma, suka zubar da wajen kilo 13. Bayan shekara guda cur girelin bai koma inda yake ba, yunwa ma haka. Jiki ba ya bambanta farin 1984 da horon da mai shi ya ɗora masa da gangan. In abinci ya ragu farat ɗaya, ganga ɗaya yake bugawa.

"To, tafiyar fa?" ya tambaya. "Ita ma ai ɗibar rumbu ce."

"Ku gwada mako biyu, Mushe. Ku ci abincinku sau uku, ku rage mai da sukari kawai. Ku fara da minti 20, bayan asuba, kafin rana ta fito. Abu ɗaya nake roƙo: in kun dawo, ku tsaya ku saurari cikinku kafin ku kai hannu kwano."

Ya fara a watan Nuwamba, sanyin hunturu yana shigowa. Kunya ta fi gajiya damunsa. Darakta guda, mai moto, yana tafe a ƙasa da sassafe yana haki, ƴan kabu-kabu suna tsayawa suna tambaya ko moton ya lalace, wani tsohon ɗalibi har ya rantse sai ya kai shi kyauta. Ya sauya hanya, ya riƙa gangarawa wajen Gulbi inda masu lambu ke ban ruwa, su kuwa ba su da lokacin kallon kowa. A mako na uku ya kai minti 45, yana sa sauri a hawan dawowa har magana ta yi masa wuya. Nan ya lura da abin da bai zata ba. Yana isa gida uwargida ta ajiye masa kunu da ƙosai, ya zauna, ya saurara kamar yadda aka ce masa, sai ya ji ƙishirwa kawai. Sai da ya yi wanka ya sa tufafi kafin yunwar ta iso, kuma da ta iso ba ta zo da hargagi ba.

Wannan abu sananne ne a ɗakunan bincike. Tun 1994 Neil King da John Blundell a Jami'ar Leeds suka nuna cewa motsa jiki mai ƙarfi yana danne yunwa na ɗan lokaci. A 2007 David Stensel da ɗalibansa a Jami'ar Loughborough, nan Ingila, suka sa samari gudun sa'a guda, suka ga girelin mai aiki ya sauka a jininsu tare da jin yunwa. Bayan shekara goma wannan rukuni ya gwada masu nauyi fiye da kima tare da sirara, ya ga PYY da GLP-1 suna hawa bayan motsa jiki a duka biyun, kuma ba wanda ya rama abin da ya ƙona a cin da ya biyo baya. A Perth ta Ostireliya an sa maza 17 masu nauyi tuƙa keke na minti 30. Ranar da suka yi tuƙi mai tsanani ana hutawa a tsakani, sun ci ƙasa da ranar da suka zauna kawai. Dalili ɗaya shi ne in tsoka tana aiki jini yakan bar tumbi da hanji ya koma ƙafafu. Wani dalilin ya bayyana a 2022, da masu bincike a Jami'ar Stanford suka gano wani sinadari, Lac-Phe, da jiki ke haɗawa daga tsamin da tsoka ke fitarwa in ta gaji. Yana hawa a jinin ɓera da na mutum da na dokin sukuwa bayan gudu, kuma da aka ba ɓeraye masu ƙiba sun rage ci.

Sharuɗɗa biyu ne a nan. Dannewar ba ta daɗewa, cikin sa'a guda ko ƙasa da haka manzanni sun koma bakin aikinsu. Kuma tana bin ƙarfin motsin: tafiyar hira da hannu a baya ba ta taɓa girelin sosai, sai wadda take sa numfashi ya ɗaga. Shi ya sa likitar ta hana shi gaggawa, domin mai hawan jini da kilo ɗari ba ya fara gudu rana ɗaya, balle a watan Afrilu da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40. Sannu ba ta hana zuwa.

Jarrabawa ta gaskiya ta zo a wata na uku. Ya hau ma'auni yana sa ran abin a zo a gani, allura ta tsaya a 102. Kilo biyu, bayan takalmi ya cinye. Ga shi kuma ya lura cewa yunwar safiya, wadda da can ba ya jin ta sai hantsi, yanzu tana tashinsa tun kafin kiran salla. Ya je wa likita da fushi irin na wanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

Ta tambaye shi abin da yake ci a hanyar makaranta. Ya yi shiru, sa'an nan ya amsa cewa tun da ya fara tafiya yakan tsaya wajen mai shayi, rabin burodi da ƙwai da mayonez, da kofin shayi mai madarar gwangwani, domin ai ya yi aiki. Ta yi masa lissafin a gabansa. Mutum mai kilo ɗari in ya yi tafiya mai sauri ta sa'a guda yana ƙona wajen kalori 400. Abin da ke teburin mai shayi ya wuce haka. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, wato tafiyar kusan sa'o'i 20. Wannan burodi ba girelin ne ya aiko a saye shi ba, zuciya ce ta biya kanta lada.

Game da yunwar safiya ba ta musa masa ba, domin gaskiya ce. Neil King da abokansa sun sa masu nauyi 35 motsa jiki sau biyar a mako har mako 12, kowane zama kalori 500, ana tsaye a kansu. A matsakaici sun zubar da kilo 3.7, amma wani ya zubar da 14.7, wani kuwa ƙaruwa ya yi da 1.7, alhali aiki ɗaya suka yi. Da suka faɗaɗa binciken a 2009 sai suka ga abu biyu suna tafiya tare: yunwar da mutum ke tashi da ita da safe tana ƙaruwa, amma kuma karin kumallo iri ɗaya yana ƙosar da shi fiye da da, ƙoshin kuma yana daɗewa. Catia Martins ta samu kusan haka a Trondheim ta Norway a 2010, inda girelin na safe ya hau bayan mako 12 na motsa jiki, saƙon ƙoshi na bayan ci kuma ya nuna alamar ƙarfafa. Ke nan ɗan manomin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba: aiki yana kiran yunwa. Abin da bai sani ba shi ne aikin yana kiran ƙoshi tare da ita, kuma ƙoshi ne abin da ya ɓace masa shekara goma sha biyar.

A matsayinsa na malamin tarihi, labarin da ya fi kama shi tsoho ne. A 1956 Jean Mayer, masanin abinci haifaffen Faransa da ke aiki a Amurka, ya auna ma'aikata 213 a wata masaƙar buhunan algarara kusa da Kalkata ta Indiya. Ya jera su daga masu zama wuri ɗaya, kamar ƴan tireda da masu sa ido, zuwa masu ɗaukar kaya a ka. A tsakanin masu motsi, ci yana bin aiki sau da ƙafa: mai ƙaramin aiki ya ci kaɗan, mai babban aiki ya ci da yawa, nauyinsu kuma bai bambanta sosai ba. Amma da aka iso ga masu zama sai ma'aunin ya karye: sun fi masu ƙaramin aiki ci, sun kuma fi kowa nauyi. Daraktan ya ga babbar kasuwar Maraɗi a cikin wannan jeri, ɗan dako da mai tura baro a gefe guda, alhajin da ke kan buzu tun safe a ɗaya gefen. Ya kuma ga kansa. Manomin da yake kafa hujja da shi yana cikin waɗanda cikinsu ke faɗa musu gaskiya. Shi kuwa tun ranar da ya sayi moto ya fita daga cikinsu. Hausawa sun ce jiki magayi, amma jikin da aka zaunar ba ya faɗin daidai.

Abu na ƙarshe da ta gyara masa shi ne barci. Ya saba hira a majalisa har ƙarfe ɗaya, ga shi yanzu yana tashi da asuba. A 2004 a Jami'ar Chicago an hana samari 12 barci, sa'o'i huɗu kawai a dare har dare biyu, sai leftin ya sauka da kashi 18, girelin ya hau da kashi 28, suka riƙa marmarin zaƙi da gari. Barin majalisa da ƙarfe goma ya fi masa barin mai shayi wuya, domin abokai sun ce madam ta kafa masa doka.

Madam ɗin kuwa tata matsalar ta fi tasa. Ita ma nauyi ya kama ta tun haihuwa ta huɗu, gwiwoyi suna ciwo, amma matar aure mai shekara arba'in ba ta fita titi da sassafe tana sauri ba tare da unguwa ta tambayi inda aka yi rasuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, amma ba ta faɗi inda matar birni za ta yi su ba. Daraktan ya buɗe filin makaranta bayan la'asar ranakun da babu karatu. Ta fara da maƙwabciyarta guda, suna kewaya filin da hijabansu. Kafin damina sun kai bakwai.

Bayan wata takwas allura ta nuna 97. Har yanzu mai ƙiba ne a lissafin likitoci, har yanzu yana shan ƙwayar tansiyo kowace safiya. Amma ɗamararsa ta matsa huda biyu, domin kitsen da ke kewaye da hanji yana saurin amsa motsa jiki ko da ma'auni bai motsa sosai ba, sukarinsa kuma ya ja da baya daga bakin ƙofa. Likitar ta gaya masa cewa a manyan bincike biyu, na Finland a 2001 da na Amurka a 2002, mutane irinsa da suka haɗa tafiya da gyaran ci suka zubar da ƴan kilo kaɗan sun rage haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100. Ya rubuta adadin a littafinsa na aljihu, kamar yadda yake rubuta shekarun sarakunan Katsina.

Da kaka mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye da tsarabar sabon hatsi da wake. Tana saukowa daga mota ta dube shi sama da ƙasa, ta ga riga tana yawo a kafaɗa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai, ɗan nan, ciwo ka yi aka ɓoye mini? Ko bashi ne?"

"Lafiya lau, Inna. Tafiya nake yi."

"Tafiya zuwa ina?"

Bai sami amsar da za ta gamsar da matar da ta yi shekara sittin tana tafiya zuwa rijiya da gona ba, ya yi dariya kawai. Da dare ta kori surukarta daga madafa ta tuƙa tuwon da kanta, da miyar kuka da man shanu, ta cika masa akushi kamar yadda ta yi ta burin yi a shekarar da babu. Ta zauna a tabarma tana kallon hannunsa. Ya ci a hankali, yana ba ta labarin yara. Da ya wuce rabi kaɗan sai ya ji saƙon ya iso, a sarari, ba tare da nauyi ko kasala ba. Ya tsame hannu.

"Ka bar tuwo," in ji ta.

"Na ƙoshi, Inna."

Ta daɗe tana dubansa, tana neman a fuskarsa irin ƙaryar da ita ta yi musu a 1984. Ba ta same ta ba. Ta jawo faifai ta rufe akushin, ta ce a ajiye masa na ɗumame. Washegari, da ya dawo daga Gulbi ya yi wanka, ya tarar ta ɗumama shi da kanta, ya zauna ya cinye.